Yadda Ƙashin Marata Ya Buɗe a Haihuwa ta Huɗu

Assalamu alaikum. Ni tela ce a cikin birnin Kano, matar aure, Allah Ya ba ni 'ya'ya biyar. Abin da zan ba da labarinsa ya fara ne a cikina na huɗu, ya bi ni har bayan yaye. Ina faɗarsa ne saboda mata 'yan'uwana da mazajensu da iyayensu, domin ciwo ne da ake yi wa kallon raki, alhali yana da dalili, yana kuma da magani.

Cikin fari zuwa na uku ban sha wata wahalar da ta fi ta sauran mata ba. Baya yana ciwo idan wata ya tsufa, jijiyar ƙafa ta ɗaure min cikin dare har sai na miƙe na taka ƙasa, yatsun hannun dama su mutu idan na daɗe da almakashi. Tun daga haihuwar fari takalmana na aure suka daina shiga, ba su kuma sake shiga ba. Duk waɗannan na ɗauke su a kayan ciki, na ci gaba da taka kekena.

Na huɗun ya zo ne da kwanika. Yaron da nake goyo bai fara tafiya ba na gane ina da wani cikin. Na ci gaba da shayarwa zuwa wani lokaci, ga ɗinki, ga girki, ga wanki, ga yara uku. Wajen wata na shida na fara jin wani ciwo a gaba, can ƙasan mara, daidai inda ƙashi yake. Ba ciwon mara irin na al'ada ba ne, ba kuma na naƙuda ba. A ƙashi yake. Idan ina zaune shiru babu komai. Da zarar na ɗaga ƙafa ɗaya na bar ɗaya, sai ya soke ni, ya bi ta matsematsi ya sauka cinya, wani lokaci ya zagaya ta baya wajen kwankwaso.

Wanda bai taɓa yi ba ba zai san sau nawa mutum yake tsayawa a ƙafa ɗaya a yini ba. Hawa matattakala, shiga adaidaita sahu, tsallake kwata, sa wando, wanke ƙafa wajen alwala, duk sai da ɗaga ƙafa guda. Taka keken ɗinki ya gagare ni, ɗinkin Sallar mutane ya taru a shago. Tsuguno a banɗaki ya zama abin da nake fargaba tun kafin in shiga. Mafi tsanani shi ne juyi a kan gado. Idan zan juya daga dama zuwa hagu sai na farka sarai, na riƙe gefen katifa, na ciji leɓe, wani lokaci har in ji ƙashin ya yi ƙas. Sallah na koma yi a zaune, kuma ko da yake na san addini ya yi rangwame ga wanda ba zai iya tsayuwa ba, zuciyata ba ta daina damuwa ba, don ban ga wata mai ciki a gidanmu tana sallah a zaune ba.

Na faɗa. Wannan ina so a ji shi da kyau, don sau da yawa ana cewa mata ne ba sa magana. Na faɗa wa uwar mijina, ta ce, “Haba 'yar nan, mu da muka haifi goma muna daka muna surfe? Daure.” Ba da mugunta ta faɗa ba, abin da aka gaya mata ke nan a zamaninta. Na faɗa wa maƙwabciyata, ta ce sanyi ne ya kama ni, ta kawo min jiƙo. Na faɗa a wajen awo, inda muke cika benci tun da asuba ma'aikaciya ɗaya tana fama da mu. Ta auna jinina, ta saurari bugun zuciyar ɗa, ta ce, “Hajiya, nauyin ciki ne, in kin haihu zai tafi.” Ban riƙe ta a zuciya ba, na ga layin da ke bayana. Amma babu wanda ya ce in tashi in taka ya gani, babu wanda ya danna wurin.

Naƙudar ta yi tsawo, yarinyar kuma babba ce. A ƙarshe aka tura gwiwoyina sama aka ware su da ƙarfi don ta fito. Ta fito lafiya, alhamdu lillahi. A daidai lokacin na ji wani abu ya saki a gabana, amma zafin haihuwa ya rufe shi. Sai da aka ce in sauko daga gado na gane akwai matsala: ƙafafuna suna nan, ina jin su, amma ba zan iya ɗaga ko ɗaya in ajiye a gaba ba. Da taimakon mutum biyu na kai mota. A gida na gano cewa ja da baya ya fi min sauƙi, don haka da baya da baya nake zuwa banɗaki, ina jan tafin ƙafa a ƙasa, ina dafe da bango.

Gwaggona ce ta zo yi min wankan jego. Mace ce mai tausayi, ta yi wa mata da yawa a danginmu. Da ta ga yadda nake tafiya ta ce, “Jiki ne bai gasu ba, bari ki ga aikin ruwan zafi.” Safe da yamma ana tafasa ruwa da ganyen darbejiya, tana fyaɗa min, tana danna ƙugu da tawul. Gaskiya idan an gama nakan ji sauƙi na ɗan lokaci, zafi yana kwantar da tsoka. Amma kafin azahar ciwon ya dawo inda yake. Aka ƙara kunun kanwa, aka ƙara yaji. Ranar suna ina zaune a kan gado aka yi komai aka gama, mata suna shigowa suna cewa maijego ta ji daɗi, ko tashi ba ta yi.

Ba na cikin masu zagin jego. Akwai hikima a ciki wadda asibiti ma ba ta ba mu: kwana arba'in an ɗauke wa mace girki da wanki, ana ba ta ƙauri da nama da kunu, ga babbar mace a kusa da ita dare da rana. Matan da suke haihuwa su tashi a kwana na uku su hau aiki, su ne abin tausayi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ruwan da yake sale fata, da kanwar da ake zubawa ba awo. Ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce a Zariya, ita ta gaya min cewa tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na can suka lura da yawan masu jego da zuciyarsu take kasawa, jiki ya kumbura, numfashi ya yi wuya, suka kuma danganta abin da yawan kanwa da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta a ƙasa. Gishirin da ke cikin kanwa yana tara ruwa a jiki. Kuma ko babu wannan, ruwan zafi ba ya haɗa ƙashin da ya rabu.

Ita ƙanwar tawa ce ta zo bayan suna ta same ni ina ja da baya. A lokacin har an fara maganar a kira mai ɗori ya ja ƙafar. Ta ce, “Yaya, kar ki bari kowa ya ja miki komai sai an ɗauki hoto.” Ta samu maigidana a zaure ta yi masa bayani, washegari ya nemo mota aka kai ni Asibitin Ƙashi na Dala.

Likitan da ya gan ni bai yi gaggawa ba. Ya sa na kwanta, ya ce in ɗaga ƙafa ɗaya a miƙe, na kasa. Wata ma'aikaciya ta danna ƙashin gaban, na yi ƙara. Da hoto ya fito ya ɗaga shi ya nuna mana ni da maigida. Ya ce ƙashin ƙugu ba guda ɗaya ba ne, ɓari biyu ne, dama da hagu, sun haɗu da ƙashin baya ta baya, sun kuma haɗu da juna ta gaba a ƙasan mara, da guringuntsi a tsakani da jijiyoyi masu ƙarfi da suka ɗaure su. Da ya ji sana'ata sai ya ce, “Malama, kin san inda ƙyalle biyu suka haɗu a ɗinki. To zaren ne ya saki, ƙyallen bai yage ba.” A mace marar ciki tazarar wurin ba ta wuce milimita 4 zuwa 5. Ciki yana ƙara mata milimita 2 ko 3, wannan daidai ne, hanya ce ake buɗa wa ɗa. Idan ta wuce milimita 10, wato santimita 1, to an fita daga daidai. Tawa ta kusa ninka hakan.

Ya ce jikin mai ciki yana fitar da sinadarai, cikinsu akwai wanda ake kira rilaksin, masu sassauta jijiyoyin da suke riƙe gaɓoɓi. Ba a ƙugu kaɗai suke aiki ba, shi ya sa tafin ƙafa yake shimfiɗewa takalmi ya matse. Ga nauyin da mace take ƙarawa, kilo 11 zuwa 16 ga mai matsakaicin jiki, yawancinsa a gaba, sai baya ya lanƙwashe don ya daidaita tsayuwa. Yatsun da suke mutuwa kuma ruwa ne yake taruwa a wuyan hannu ya danne jijiya. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne da ya ce kusan mace 1 cikin 5 tana samun ciwon ƙugu irin wanda na fara ji a wata na shida, kuma ana iya taimaka mata tun tana da cikin. Rabuwa irin tawa ita ce ba a cika samu ba. Na yi kuka a ofishin nan, ba don zafi ba. Wata da watanni ana ce min in daure, sai ga abin a hoto kowa yana gani. Maigida ya daɗe yana kallon hoton, ya juyo ya ce, “Sannu, Maman yara. Wallahi ban san ya kai haka ba.”

Ba a yi min aiki ba. Likitan ya ce mafi yawa suna haɗewa da kansu cikin makonni zuwa watanni, sai wadda tata ta buɗe sosai ko ta ƙi haɗewa ake sa wa ƙarfe. Aka ba ni maganin zafi wanda mai shayarwa za ta iya sha, da sandunan dogarawa, da wata ɗamara mai faɗi. Ɗamarar ba a ciki ake ɗaura ta ba yadda muke ɗaure ciki da ɗankwali bayan haihuwa. Ƙasa ake sa ta, a kan ƙasusuwan kwatangwalo, ta matso ɓarin biyu. Ranar da aka ɗaura min ita na taka gaba, ba da baya ba.

Daga nan aka tura ni sashen gashin ƙashi. Da ina zaton wurin masu karaya ne da masu shanyewar ɓarin jiki, ban san mai jego tana da gurbi a can ba. Matar da ta karɓe ni ta fara ne da koya min abubuwan da nake ganin na iya tun ina yarinya. Yadda zan tashi daga gado: in haɗe gwiwoyi, in juya gaba ɗaya a gefe, in sauke ƙafafu tare, in tura jiki da hannu. In kwanta da matashi tsakanin gwiwoyi. In zauna kafin in sa wando ko in wanke ƙafa. In shiga mota da mazaunai tukuna, sannan in shigo da ƙafafu a haɗe. Kar in saɓa yaro a kwatangwalo ɗaya, kar in ɗauki bokitin ruwa a hannu guda. Ta hana ni zaman harɗe a tabarma na wani lokaci, ta ce a samo kujerar banɗaki mai rami don in huta da tsuguno.

Sai ta tambaye ni abin da ba wanda ya taɓa tambayata: “Idan kin yi tari ko atishawa, fitsari yana zubo miki?” Na sunkuyar da kai. Tun haihuwa ta biyu nake fama da shi, ban taɓa gaya wa ko mahaifiyata ba. Nakan sake alwala, in sake zani, in yi shiru. Ta ce akwai tsokoki a ƙasan ƙugu da suke tallafe mafitsara da mahaifa da dubura, ciki yana danna su wata tara, haihuwa kuma ta miƙe su. Ta bambanta min shi da yoyon fitsari, wanda huji ne da doguwar naƙuda take yi, fitsari yana zuba dare da rana, maganinsa aiki ne irin wanda ake yi a asibitin Babbar Ruga na Katsina. Nawa raunin tsoka ne, tsoka kuwa tana ƙarfi idan ana motsa ta. Ta koya min in matse kamar mai riƙe fitsari da iska, in riƙe ina numfashi, in saki gaba ɗaya, in maimaita sau da yawa a yini, ba a lokacin da nake fitsarin ba. Sai da aka yi watanni kafin in ga bambanci, amma na gani.

Ta kuma sa na kwanta rigingine na ɗaga kai kaɗan, ta ɗora yatsuna a saman cibiya. Yatsu uku suka nutse. Ashe tsokar ciki ma biyu ce a jere, ciki yana raba su, idan ba su koma ba sai tumbi ya zauna, baya ya rasa mai tallafa masa ta gaba. Mata nawa ne ake yi wa gorin tumbi bayan haihuwa, ana cewa ci ne ya yi musu yawa?

Maganar abinci ita ma sai da aka zaunar da ni. Ɗan da ke ciki yana ɗibar sinadarin kalsiyam kusan giram 30 daga jikin uwa don gina ƙashinsa, mafi yawa a watanni uku na ƙarshe. A lokacin ciki hanjin uwa yana ƙara tsotso daga abinci don ya cike. A shayarwa kuwa daga ƙashinta ake ɗiba: fiye da miligiram 200 yake fita a nono kullum, ƙarfin ƙashin bayanta yana iya raguwa da kashi 5 zuwa 10 cikin 100 a wata shida, ko da tana ci da kyau. Rahamar da ke ciki ita ce yana dawowa bayan yaye, cikin wata shida zuwa shekara. Ni ban ba shi wannan damar ba, wani cikin ya hau kan shayarwa. Idan na karanta ayar Suratu Luƙman da ta ce uwa ta ɗauki ɗa cikin rauni a kan rauni, yayensa kuma a shekara biyu, jikina ya san abin da ake nufi.

Abin da ake buƙata ba daga waje ake kawo shi ba. Nono da kindirmo, miyar kuka, zogale, riɗi, tamba, ƙananan kifi da ake ci da ƙashinsu, duk suna kasuwarmu. Matsalar ita ce uwa ce take rabon abinci, ita ce kuma take ci a ƙarshe, bayan maigida da yara da baƙo. Ga rana da Allah Ya hore mana, wadda fata take haɗa bitamin D da ita don jiki ya iya amfani da kalsiyam ɗin, amma mace tana iya wuni a ɗaki da shago ba ta taɓa ta ba. Na koma shan hantsi a tsakar gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ba mai ciki kalsiyam giram 1.5 zuwa 2 a kullum a wuraren da abinci bai wadata da shi ba, musamman don kare ta daga hawan jinin ciki da jijjiga, kuma ba a haɗa shi lokaci ɗaya da maganin ƙarin jini, sai a raba musu lokaci.

Maganar tazarar haihuwa ita ce mai nauyi, don ba ni kaɗai ke da ita ba. Likitan ya ce a bar aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin wani cikin, ya kuma faɗe ta a gaban maigida, wanda hakan ya sauƙaƙa min ƙwarai. Da muka dawo gida na ce, “Malam, ka ji abin da aka ce.” Ya ce, “Na ji, kuma na gani da idona.” Uwar mijina ba ta so ba da farko. Ranar da ta ga hoton, aka nuna mata inda ya kamata ƙashin ya haɗu, ta yi salati, ta ce ita ma bayan haihuwarta ta bakwai ta yi wata biyu tana rarrafe, aka ce mata iska ce. Daga ranar ita take aiko min da kindirmo.

Na ajiye sanduna kafin yarinyar ta fara zama, na koma shago kafin ta fara tafiya. Keken ƙafa dai na haƙura da shi, aka sa masa mota. Cikina na biyar ya zo bayan ta shiga makaranta. Ciwon ya dawo, tun a wata na biyar ma, don an riga an gaya min wadda ta taɓa yi takan sake. Amma wannan karon na ɗaura ɗamara da wuri, na koma gashin ƙashi tun ina da cikin, na rage tsayuwa, ban sayi maganin ciwon jiki a kemis ba, don wasunsu suna cutar da ɗan ciki, sai abin da aka rubuta min. Na sa aka rubuta a katin awona cewa ƙashina ya taɓa buɗewa. A ɗakin haihuwa na gaya wa ungozoma iya inda ƙafafuna za su iya warewa, ta bar ni na haihu a kwance ta gefe, wata tana riƙe da ƙafar sama. Da ƙafata na taka zuwa mota.

Har yau ban koma yadda nake kafin na huɗu ba. Idan na yi doguwar tafiya ko na tsaya yankan atamfa tun safe, wurin yana min nauyi da dare, lokacin sanyi kuma ya fi. Ina yin motsin da aka koya min, in na yi sakaci da shi mako biyu fitsarin yakan tuna min.

Abin da yake ci min rai shi ne ni a birni nake, ina da ƙanwa ma'aikaciyar jinya, mijina ya iya biyan kuɗin hoto da mota. 'Yar gwaggona tana aure a wani ƙauye da ke da tafiyar awa biyu daga Kano. Bara ta haihu bayan naƙudar kwana biyu a gida, ta tashi ƙafarta ɗaya tana ja, ba ta iya ɗaga yatsunta sama, saboda kan ɗan ya daɗe yana danne jijiyar da ta sauka ƙafa. Asibitin garinsu babu na'urar hoto, babu mai gashin ƙashi ko ɗaya. Sai da muka yi karo-karo a dangi aka kawo ta, ta zauna a ɗakina wata uku tana zuwa gashi. Ƙafar ta fara ɗagawa, amma damina ta faɗi, mijinta ya aiko a mayar da ita saboda aikin gona da yara, ta koma ba ta gama ba.